Kan Yaya a Hunturun Rumbu

Litinin
Ƙura ta tashi tun asuba. Yaya ta ɗaure kai da kallabi, ta shige ɗaki, ta ce a rufe taga. Hanci a toshe, ido na hawaye. Gida duka an yanke hukunci: mura ce ta hau kai. Inna na son a kira wanzami ya yi ƙaho.

Talata
Da na taso daga lakkwal na kai Yaya likita. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, bai yi saurin rubuta magani ba.

"Hajiya, majinar wane launi ce?"

"Fara ce, Majo, tsararo."

"Ɓari guda ke sara? Haske na damunki? Zuciya na tashi?"

Duk ta amsa da i. Ya ce in kogon hanci ne ya kumbura, majina kan yi kauri, rawaya ko kore, sau da yawa da zazzaɓi, mutum ya daina jin ƙamshi. Nata ciwon ɓarin kai ne, mai ɗaukar awa 4 zuwa 72. Jijiyar da ke ɗauko wannan ciwo ta ratsa fuska har ido da hanci, shi ya sa yake shigar burtu da kamannin mura. Wani bincike na Amurka a 2004 ya gano kusan tara cikin goma na masu zargin kogon hanci, ɓarin kai ke damunsu. Ke nan gidanmu bai fi kowa ruɗewa ba.

Laraba
Ta sha fura, ta yi barci.

Juma'a
Kawu ya dawo daga Maradi da labarin allurar Sinawa. Tun 1976 likitocinsu ke zuwa Nijar. Siraran allurai ne, ba ruwan magani a ciki, ana tsira su a kai da hannu da ƙafa. Inna ta tsuke baki, ita da ba ta tsoron askar wanzami!

Na duba a waya. Allurar na rage yawan tasowar ɓarin kai ga wasu, amma ba ta kashe ƙwayar cutar kogon hanci. Ƙa'idar likitocin Ingila zama har 10 ne cikin mako 5 zuwa 8. Daga Rumbu sai Dakoro, sai Maradi, wataƙila har Yamai. Wa zai biya motar, wa zai riƙe yara?

Lahadi
Majo ya hana Yaya farasitamol ɗin ƴan talla kullum, don shan sa kwana 15 a wata kan haifar da nasa ciwon kan. Na tsaga mata shafi a kaye: ranar ciwo, abin da ta ci, barcin da ta samu, lokacin al'ada. Ta ce sashe na ƙarshen ita za ta riƙe da kanta.