Hunturu a Kan Babur: Daga Anka Zuwa Gummi

Hanyar da ta karkata daga Mayanci ta nufi Anka, ta wuce Ɗaki Takwas ta dire Gummi, hanyar babura ce. Motoci na bi, amma duk mai son ratsewa ƙauyukan Bukkuyum, ko mai kai buhun gero kasuwar Nasarawar Burkullu, babur ne abin hawansa: Boxer ga 'yan kabu-kabu, roba-roba ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Mun bi hanyar a hutun ƙarshen Disamba, mu huɗu a kan babura biyu, hunturu ya kankama.

Wanda bai taɓa hawa babur da sassafe a wannan yanki ba zai ce ai sanyin Zamfara bai taka kara ya karya ba. Ma'aunin zafi yakan sauko kusa da digiri 13 da asuba, wanda a Turai ko a jikinsu. Amma da babur ya ɗauki gudu, iska takan kwashe ɗumin da jiki ya tara a ƙarƙashin riga, ta sake kwashewa, ba hutu. Yatsu ne ke fara sandarewa, kuma da su ake kama birki da kuloci. Shi ya sa mahayan da muka yi ta gamuwa da su bayan mun bar Anka suka zama kamar dodanni: rawani har hanci, rigar sanyi ta gwanjo biyu, wani ma safar ƙafa ya zura a hannu.

A wurin mai shayi ɗaya daga cikinmu ya nuna mana a waya irin rigar da mahaya ke sawa a Jamus da Kanada. An saƙa siraran wayoyi a cikinta, ana jona ta da batirin babur, sai ta yi ɗumi kamar dutsen guga da bai gama zafi ba. Ya ce me zai hana a kawo ta nan? Muka ɗauki biro muka yi lissafi a bayan kwalin sukari, da darasin Fiziks da kuke yi a aji.

Ƙarfin lantarki, wato wat, shi ne bolt sau amfiya. Batirin ƙananan baburanmu bolt 12 ne, yawanci yana iya ba da amfiya 5 na tsawon awa guda. Riga mai cin wat 60 amfiya 5 take ja. Ke nan in inji na kashe, awa ɗaya ta ishe ta ta shanye batirin tas. In inji na aiki fa? A nan ne gizo ke saƙar. Wutar babur daga kwayil take fitowa, wanda ke samar da ita gwargwadon juyawar inji, sannan rektifaya ta daidaita ta ta tura wa batir. An ƙera kwayil ɗin daidai buƙatar babur ɗin: fitilar gaba mai kusan wat 35, ta baya, sigina, hon, da ɗan rarar cajin batir. Manyan baburan Turawa na samar da wat ɗaruruwa, namu kuwa rararsu kaɗan ce, kuma a hanyar ramuka inda ake tafiya a hankali, rarar ma raguwa take yi.

A Gummi, kusa da tasha, muka kai wa wani dattijon bakanike maganar. Muka ce, “Baba, in an jona wannan riga a roba-roba, za ta yi?” Ya yi dariya ya ce, “Yarana, wanga babur da kyar yake ciyar da kainai, ku ce ya yi baƙo?” Ya nuna mana tarin rektifaya da suka ƙone. Ba rigar ɗumi ce ta ƙone su ba. Ƙarin fitilu ne, da sifika, da cajar waya da aka murɗa kai tsaye a batir ba fis. Cajar waya ita kaɗai wat 10 ce, babur na iya ɗauka. Tarin ne ke jawo matsala, kuma waya mara fis in ta goge ta taɓa ƙarfe a ƙarƙashin tankin mai, gobara ce.

A wannan yanki mutuwar batir ba wasa ba ce. Kik zai tayar da inji, amma hon ya shaƙe, sigina ta mutu, a wasu baburan fitila ma ta dushe cikin hazo. Kowa ya san halin tsaron da ake ciki, har gwamnatin jiha ta taɓa hana yawon babura da dare a 2021. Ba mai son ya tsaya gyaran waya a dajin da ke tsakanin Anka da Bukkuyum rana na faɗuwa.

Akwai ƙananan riguna masu aiki da fawa bank, wat 10 kacal suke ci kuma ba ruwansu da babur, sai dai ɗuminsu ma kaɗan ne. Mu dai abin da ya fi burge mu shi ne dabarar wani mai kai tumatir daga fadamun Gulbin Zamfara: ya shimfiɗa kwali a ƙirjinsa a cikin riga, ya ɗaure bakin hannayen rigar da roba don kada iska ta shiga, ya yanka galan biyu ya ɗaura a gaban kan babur suna kare yatsunsa. Da za mu koma Anka washegari, sai da muka nemi kwali huɗu a shagon mai taliya.