Daga "Na Taɓa" Zuwa "Taɓaɓɓe"

Kwana 19 na yi cikin kakin soja. A rana ta 20, mun dawo daga gudun asuba, zufa ba ta ko bushe ba, sarjan ya kira lambata ya ce ana nemana a biron likita. Kafin azahar na mayar da kaki da takalman ranjas, na sa hannu a wani littafi, aka ba ni takarda mai layi uku. Askin ƙwal-kwabo kaɗai na fito da shi daga makarantar horon hafsoshi, shi ma don ba ya mayaruwa.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Yayana soja ne. Yana cikin mutum 71 da aka kashe a barikin Inates ranar 10 ga Disamba 2019. Ina da shekara 17, ina ajin bak. Bayan sadakar arba'in kowa ya koma harkarsa, ni na kasa. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya zama kamar ƙasa a bakina, in buɗe littafi in yi awa biyu a shafi ɗaya. Ban yi zagi ba, ban yi jifa ba, ban tuɓe riga a kasuwa ba. Shiru kawai na yi. Inna ce ta sayar da tunkiyarta, ta sa ni a motar kasuwa daga Takaya zuwa Zinder, muka ga likita. Ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta ƙwaya ɗaya kowane dare, ya ce in riƙa dawowa muna magana. Wata shida aka yi, ya ce in daina. A shekarar na ci bak, na shiga jami'a, na gama lisans ba tare da na maimaita aji ko ɗaya ba.

Da na ci konkur, bizit ta farko duk ta jiki ce: tsawo, nauyi, ido, haƙori, jini. Sai da muka shiga aka raba mana wata doguwar takarda ta tambayoyi. Ɗaya daga ciki, in an mayar da ita Hausa, cewa take: ka taɓa ganin likita saboda matsalar ƙwaƙwalwa? Wanda ke kusa da ni ya leƙo ya ga alƙalamina ya tsaya, ya yi mini raɗa: "Kai, sa a'a mu wuce." Na sa i. Har na ƙara shekara da sunan magani, don a ganina wanda zai jagoranci mutane bai kamata ya fara aikin da ƙarya ba.

A biron, babban likitan bai tsananta mini ba, gaskiya. Na ce, "Mon kolonel, shekara huɗu ke nan ban sha komai ba. A gwada ni yanzu mana." Ya ce, "Ɗana, ba ni na ƙi ka ba, dosiyenka ne." Bai tambaye ni yadda nake barci ba. Bai kira sarjan ya ji yadda na yi kwana 19 ɗin ba. Hirar duka ba ta kai minti goma ba. A takardar an rubuta inapte, a ƙasa kuma antécédents psychiatriques.

A hanyar dawowa motarmu ta ratsa Maijirgi, tsakanin Tasawa da Zinder, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke. Kun san su daga darasin tarihi: hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa a 1899, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, aka harbe Kanar Klobb da umarnin Voulet ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su juya musu baki. Da labarin ya kai Faransa, aka samo wa abin suna, soudanite, wai zafin ƙasarmu ne ya juya musu hankali. Wato a can hauka ya zama hanzarin wanke hafsan da ya zubar da jini. Ni kuwa da na sha ƙwaya wata shida don kukan ɗan'uwana, kalmar ce ta zama laifina. Na yi dariya ni kaɗai a cikin mota, sai na ga tsohuwar da ke gefena tana kallona, na yi maza na kama bakina. Tun daga nan na fara lura da yadda nake dariya a gaban mutane.

A gida aikin fassara ya faɗo kaina, tunda ni ne mai karatun harshe. Inna ta ce, "Me suka rubuta?" Na ce sun ce na taɓa rashin lafiya. Amma takarda ba ta zama a hannu ɗaya. Wani ɗan lakkwal a unguwa ya karanta, ya ga psychiatriques, ya tuna Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai wanda sunansa ya zama abin tsokana a bakin samari. Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya gama gari: soja sun koro ɗan wance, ashe taɓaɓɓe ne.

Kalmar nan ta hana ni sakat, har na zauna na feɗe ta kamar a aji. Fi'ili ɗaya ne, taɓa. In na ce "na taɓa zuwa Agadas", kowa ya san na je na dawo, ba a can nake ba yanzu. Abin da na amsa a takarda ke nan: na taɓa. Amma taɓaɓɓe ginin fasasshe ne da ƙonanne da ruɓaɓɓe, siffar abin da aikin ya riga ya gama da shi. Ba a cewa tulu ya taɓa zama fasasshe. Kuma ba don Hausa ta rasa kalmomi ba ne. Muna da baƙin ciki, ƙuncin zuciya, damuwa, firgita, zautuwa, bugun iska, hauka tuburan, kowace da gurbinta. Tsofaffinmu sun san bambancin wanda rashi ya kayar da wanda ke bin bola. Takardar ce ta zuba su duka a buhu ɗaya, gari kuma ya ɗaure bakin buhun.

Maganar da ta fi ci mini rai Kawu ne ya yi ta, ba kuma da mugunta ba. Ya dubi Inna ya ce, "Ai na faɗa miki tun lokacin. Da wajen malam kika kai shi, aka yi masa rubutu da hayaƙi, wa zai rubuta shi a littafi?" Inna ta sunkuyar da kai. Abin takaicin, lissafinsa daidai ne. Malam ba ya ajiye dosiye. Mai sayar da tramol a bakin tasha ba ya ba da rasit. Wanda ya danne ciwonsa ya yi shiru zai sa a'a, ya wuce, a ba shi bindiga. Tankaɗen nan wanda ya je likita ya warke kuma ya faɗi gaskiya kaɗai yake kamawa.

Kar a fahimce ni a karkace. Soja na da haƙƙin tambaya. Hafsa yakan riƙe rayukan mutum talatin a daji, ba barci, ba ruwa, kuma akwai ciwon da bai dace da wannan nauyi ba. Ni da na rasa ɗan'uwa a fagen daga ba zan so a tura kowa ƙarƙashin wanda ba shi da lafiya ba. Tsarin da sojan Faransa ya daɗe yana aiki da shi, SIGYCOP, harafi bakwai ne: hannuwa, ƙafafu, lafiyar jiki gaba ɗaya, ido, gane launi, kunne, sai P na hankali, kowane da makinsa. Hikimar bizit ke nan, a auna mutum gaɓa-gaɓa. To ni an auna idona a ranar, an auna kunnena a ranar. Hankalina kaɗai aka auna da takardar 2020.

Shi ya sa ban haƙura ba. Na koma wurin likitan da ya duba ni, ya rubuta shaidar cewa na warke kuma ciwon bai dawo ba. Na haɗa da sakamakon jarrabawata na shekara uku, na rubuta takardar neman a sake bizit a gaban likitan ƙwaƙwalwa, na manna tambur, na kai da hannuna. Ban roƙi a mayar da ni don tausayi ko don jinin yayana ba, ban ma ambace shi ba. Na ce a zaunar da ni a gwada, in an ga abu, zan karɓa. Wata biyar ke nan. Rasit ɗin yana cikin ƙamusuna, na koma aji, kuma shekarun shiga konkur suna da iyaka.

Makon jiya wani ɗan shekara ta biyu ya tare ni bayan amfi. Mahaifinsa ya rasu da damina, ya ce wata uku ke nan ba ya barci, kuma shi ma yana son shiga jandarma. Ya ce, "Yaya, in na je likita, irin taka za ta same ni?" Na ce ya je, gobe-goben nan, zan raka shi. Muka je. A hanyar dawowa ya tambaye ni abin da zai sa in an ba shi waccan takarda. Har muka rabu a bakin ƙofar jami'a ban ba shi amsa ba.