Kunun Shinkafa Da Kwakwa

Dutsin-Ma gari ne a tsakiyar Jihar Katsina, kudu da Kurfi. Abincin mutanen wannan ƙasa na kullum gero ne da dawa: koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Amma akwai wani kunu wanda ba a yawan yinsa, sai da azumi, ko in an yi babban baƙo, ko kuwa in wani ba shi da lafiya. Shi ne kunun shinkafa da kwakwa. Fari ne fat, mai kauri, har da cokali ake shansa.

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana nomanta a fadamu da bakin koguna, domin tana son ruwa. A kudancin Dutsin-Ma ma akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a shekarar 1983 a kan kogin Karaɗuwa, manoma suna noman rani a gefenta.

Kwakwa kuwa baƙuwa ce. Itacenta yana son yashin bakin teku da ruwan sama mai yawa, ga shi daminar Katsina ba ta wuce wata huɗu ko biyar. Saboda haka daga Kudu ake kawo ta, musamman daga Badagiri ta Jihar Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Mutanen da suna kiranta kwakwar Attagara, don su bambanta ta da kwakwar manja. Itacen yakan yi kamar shekara 6 kafin ya fara 'ya'ya, kowace kwakwa kuma sai ta yi kusan shekara guda a bisa kafin ta ƙosa. Abin da ya sha wannan doguwar hanya, ba a wasa da shi.

Akwai wata yarinya a Dutsin-Ma, sunanta Binta, tana aji biyar. Wata shekara kakarta ta kamu da zazzaɓi a Kurfi, aka kawo ta gidansu jinya. Aka kai ta asibiti, aka ba ta magani, aka ce lalle ta riƙa cin abinci. Amma tsohuwa ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, kullum sai ƙara ramewa take yi. Hankalin kowa ya tashi.

Ran nan uban Binta ya komo daga kasuwa da kwakwa guda ɗaya tak, iyakar abin da kuɗinsa suka kai ke nan. Ya miƙa wa ƙanwarsa, ya ce, "Ga wannan, a gwada yi wa Inna kunu, ko Allah ya sa ta sha."

Gwaggo ta kira Binta, ta ce, "Zo nan, ɗiyata. Yau ke za ki yi wa Kaka kunu, ni kuwa ina zaune ina dubawa. Amma ki sani kwakwa ɗaya ce. In ta lalace, babu wata."

Binta ta ce, "To, Gwaggo."

Da fari ta wanke hannuwanta da sabulu. Ta auni shinkafar tuwo gwangwani 1, ta tsince tsakuwa, ta wanke, ta jiƙa. Shinkafar tuwo ake so, domin ita ce mai narkewa ta yi danƙo. Sa'an nan Gwaggo ta huda kwakwa, ta tsiyaye ruwan cikinta a kofi, ta fasa ta, ta ɓanɓare naman. Binta ta kankare jan bayan da wuƙa, don kada kunu ya yi duhu, ta goge shi a magogi har ya yi laushi.

Ta zuba ruwan ɗumi gwangwani 1 a kan gogaggiyar kwakwa, ta murza da hannu, ta matse a farin ƙyalle mai tsabta. Sai ga wani ruwa mai kauri kamar madarar shanu. Za ta juye shi cikin tukunya, Gwaggo ta riƙe hannunta.

Ta ce, "A'a! Wannan tatar fari ce, rufe ta ki ajiye. Ƙara ruwa gwangwani 4 a kan tuƙar, ki sake matsewa. Tata ta biyu ita ce ta dahuwa."

Binta ta ce, "Gwaggo, don me ba za a haɗa su gaba ɗaya a huta ba?"

Gwaggo ta ce, "Madarar kwakwa mai ne da ruwa suka gauraya. In ta sha wuta da yawa sai su rabu, mai ya taso bisa, kunu ya tsinke. Ta farin ta fi mai, saboda haka ita ce ba ta jure wuta."

Binta ta ɗora tukunya a murhu, ta zuba tata ta biyu da shinkafa, da gishiri kaɗan, da kanumfari ƙwaya 3, da ɗan guntun citta. Da ta tafasa, Gwaggo ta ce a janye itace, a bar garwashi. Daga nan aiki ya koma na muciya. Binta tana juyawa a hankali, tana kai muciya har gindin tukunya, don kada ta kama.

Ana cikin haka sai ƙawayenta suka leƙo, suna kiranta wasan gaɗa. Binta ta dubi ƙofa, ta dubi tukunya. Ta ce, "Gwaggo, in ƙara itace ta yi maza ta nuna?"

Gwaggo ta ce, "Sauri ya haifi nawa. In ta ƙone, ƙaurin ba ya fita, mara lafiya kuwa ba ya shan abu mai ƙauri."

Binta ta ce wa ƙawayenta su tafi, ta ci gaba da juyawa, hayaƙi yana sa ta hawaye. Bayan kamar rabin sa'a shinkafa ta fashe, ta narke, kunu ya yi kauri. Ta tsame kanumfari da citta, ta sa sukari daidai, ba mai yawa ba. Sa'an nan ta kawo tatar fari ta zuba, ta juya kaɗan, ta sauke tun bai sake tafasa ba. Ƙanshi ya cika gida.

Da ya huce, ta zuba a kwano, ta kai ɗakin Kaka, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ga kunu, ni na yi miki." Tsohuwa ta yi bismilla, ta sha cokali ɗaya, ta ƙara, har ta sha rabin kwano. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƙawata." Kashegari da kanta ta tambayi saura. Da magani da abinci, kafin mako biyu ta fara fitowa tsakar gida.

Kayan wannan kunu kaɗan ne, kowa yana iya haddace su. Abin da ke da wuya shi ne sanin lokacin kowane abu: wanda za a sa da fari, da wanda za a ajiye sai ƙarshe, da zama gaban tukunya har aiki ya ƙare. Wannan ba a sayensa a kasuwa. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse, ya sha romonsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwakwa take baƙuwa a Dutsin-Ma?
2. Don me ake ajiye tatar fari sai ƙarshe?
3. Me zai faru da Binta ta ƙara itace?