Harlem: ƴaƴan titi na 116 da takardar shekara biyu

Wanda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2 ko 3 daga tsakiyar birnin Niyok ya nufi arewa, in ya fito a titi na 116, sai ya yi tsammanin ɓatan hanya ya yi. Ga ƙanshin shinkafa da kifi irin na Dakar, ga shagunan kitso da na turamen atamfa, ga masallacin Malcolm Shabazz a kan kusurwa. Ana kiran unguwar Ƙaramar Senegal, amma mai kasa kunne zai tsinci Bambaranci da Fulatanci, wani lokaci har Hausa da Zabarmanci.

Mutanenmu sun daɗe a nan. Tun kafin a karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, ƴan kasuwar Nijar na baza huluna da jakunkuna a bakin titi na 125. A watan Oktoba na wannan shekara magajin gari Giuliani ya sa ƴan sanda suka tashi masu tebur, aka maida su kasuwar titi na 116. Da yawa sun shigo da bizar ziyara, ta ƙare, suka zauna. Da ƙafa ta kafu, wasu suka aiko aka kawo musu iyali.

To, a nan ne maganar take. Yaron da aka haifa a asibitin Harlem ɗan ƙasa ne, bisa gyaran tsarin mulki na 1868. Wansa, wanda aka sauko da shi daga jirgi yana goye, baƙo ne marar takarda. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, hukunci biyu. Yana ƙarami ba ya jin bambancin, domin tun 1982 kotun ƙoli ta hana a kori yaro daga makarantar gwamnati don rashin takarda. Sai ya kai munzali, sa'o'insa sun fara neman aiki da kuɗin karatun jami'a, a tambaye shi lambar da hukuma ke ba kowane ma'aikaci, ya dawo gida ya tambayi uwa, uwa ta sunkuyar da kai.

Majalisar Amurka ta san da su. A 2001 dattawa biyu, Dick Durbin da Orrin Hatch, suka gabatar da ƙudurin DREAM don a buɗe wa irin waɗannan yara hanyar zama ƴan ƙasa. A Disamban 2010 ya tsallake majalisar wakilai, ya samu ƙuri'a 55 a ta dattawa, alhali 60 ake bukata. Da abin ya gagara, shugaba Obama ya fito da shirin DACA ran 15 ga Yunin 2012. Sharuɗɗansa: an shigo da kai kafin ka cika 16, kana ƙasar tun 15 ga Yunin 2007, ba ka kai 31 ba ranar sanarwa, kana karatu ko ka gama, ba ka da babban laifi. Mutum wajen 800.000 suka amfana, mafi yawansu ƴan Meksiko.

Sai dai ma'aikacin da ya san bambancin ɗan kwantaragi da wanda aka ɗauka dindindin zai gane abin da aka ba su. Izinin aiki ne da alkawarin ba za a kore ka ba, na shekara biyu, a sabunta, a biya. Da farko dala 465 ne, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Ba ya kai mutum ga zama ɗan ƙasa ko da ya sabunta sau goma. In kaka ta kwanta ciwo a Maraɗi, ba ya tafiya sai da izini na musamman, in ba haka ba ƙofa ta rufe a bayansa. Kuma abin da alƙalamin shugaba ya rubuta, na wani shugaba na iya gogewa: gwamnatin Trump ta soke shirin a 2017, kotun ƙoli ta tsayar da sokewar a 2020 da rinjayen alƙali 5 a kan 4, sannan a 2021 wani alƙali a Texas ya ce shirin ya saɓa wa doka, ya hana amincewa da sababbin masu nema.

Sauran ƙofofin ƙanana ne. Dokar 1990 ta tanadi takardar zama ga yaron da kotu ta tabbatar mahaifi ya yasar da shi ko ya zalunce shi, muddin bai kai 21 ba, bai yi aure ba. Akwai auren ɗan ƙasa, kuma a nan ɗan Afirka da ya sauka filin jirgin Kennedy da hatimi a fasfo ya fi wanda aka tsallako da shi ta hamada sa'a: na farko yana iya gyara takardunsa yana zaune, na biyu galibi sai ya fita, dokar 1996 kuwa na iya hana shi komowa shekara 10. Jihar Niyok ta ɗan rage zafi a 2019 da lasin tuƙi da taimakon kuɗin karatu, amma ba ta da ikon ba da takardar zama.

Akwai kuma tsohuwar doka mai ba da takarda ga duk wanda ya daɗe a ƙasar. A 1986 aka yi mata gyaran ƙarshe: sai wanda ya shigo kafin 1 ga Janairun 1972, lokacin Diori Hamani na kan mulki a Yamai.