Abin Da Na Je Aunawa A Wusasa

Ni ɗan Sule Tankarkar ne, kuma har na shigo wannan makaranta ban taɓa sa ƙafa cikin coci ba. Aikin kammala difloma ne ya kai ni. Malaminmu ya ce kowa ya nemo tsohon ginin ƙasa, ya auna, ya zana. Abokin ɗakina, Bahaushe Kirista ɗan Zariya, ya ce: "Malam, daina wahalar da kanka, taho Wusasa ka ga aiki."

Ranar Asabar muka isa. Kafin in ga ginin ma sai na ji ganga da begila. Yara ne cikin inifom suna fareti a fili, wasu ba su wuce shekara 10 ba. Abokina ya tsaya cak, ƙafarsa na bin kiɗan. Ashe shi ma tsohon ɗan Boys' Brigade ne, shekara biyu muna ɗaki ɗaya bai taɓa faɗa mini ba.

A bakinsa na fara jin tarihin ƙungiyar. William Alexander Smith ne ya kafa ta a Glasgow ta ƙasar Sikotilan a 1883. Malamin makarantar Lahadi ne da samari suka gagare shi, sai ya haɗa musu karatun addini da horo irin na soja. A 1908 ta iso Legas, daga baya ta bazu cikin coci-cocin Arewa. Na ce masa ai kamar 'yan agajinmu ke nan. Ya yi dariya, ya ce faretinsu ya fi namu tsari. Ban yarda ba, har yau muna musun.

Sai muka shiga cocin St. Bartholomew. An gina shi a 1929, lokacin da mishan ɗin CMS, wanda Dakta Walter Miller ya kafa a cikin birnin Zariya, ya koma Wusasa. Na zaci zan ga wani abu baƙo. Wallahi sai na ga kamar zauren kakana aka faɗaɗa: bango mai kauri, bakan gizo na ƙasa yana riƙe da rufi, ga sanyi a ciki alhali waje rana na dukan ƙeya. Na daɗe riƙe da tef ban auna komai ba. Hannun da ya yi wannan, irin hannun maginan garinmu ne.

Yaran da suka tashi a wannan unguwa ba ƙanana ba ne a tarihin Arewa. Janar Yakubu Gowon a nan ya girma. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975, duk sun bi ta makarantar Wusasa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kowa a ajinmu ya san ginin ƙasa ba ya jure sakaci: indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro, damina biyu ta isa ta kayar da shi. Wannan kuwa ya kusa cika shekara 100 a tsaye. Ke nan duk tsawon lokacin nan akwai masu hawa su duba, su toshe tsaga, su sake yaɓe.

Da daddare na kira gida, don na san ana shirin rushe zauren kakanmu a sa bulo. Na ce, "Baba, don Allah a dakata har in zo."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai da ƙannenka wa ya taɓa kwaɓa ƙasa a cikinku? Ni gwiwa ta ƙi. In kana son ya tsaya, ka zo ka yaɓe shi kafin ruwan farko."

Jarabawarmu ta ƙarshe tana gab da faɗuwar damina. Na riga na yi wa ƙannena biyu magana su fara tara ƙasa da ciyawa. Abokina ya ce zai biyo ni, da sharaɗin in kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis.