In Kai Ya Toshe

Ɗan'uwa mai sana'a, akwai wata cuta wadda ba ta kawo zazzaɓi. Ka buɗe shago da sassafe, kayan aiki suna gabanka, amma dubara ta ƙi zuwa. Ni baduku ne a Damagaram, da yara huɗu masu aiki a hannuna, na san ta sarai. Ga fata, ga zare, sabon zane babu. Yaran kuwa ba su cin uzuri, tuwo suke ci.

Wani zai ce maka sammu ne. Ni dai gajiya nike gani, da yawan kallon bango guda.

In ta kama ka, kada ka zauna kana matsa ma kanka. Ba hannunka aikin da ba ya son tunani, kamar wasa wuƙa ko shara. In ka gama, rufe shago ka nufi kasuwar Dole. Ba saye, ba saidawa, kallo kawai. Dubi abin da mutane ke riƙe da shi da wahala. Macen da ta ƙulle salularta a bakin zane, ai ƙaramar jaka take nema, ko da ba ta faɗa ba.

Tuna da Alhazan Maraɗi. Gyaɗa ce ta ɗaga da yawansu. Fari ya zo a 1973, cuta ta cinye gyaɗar a 1975. Da suka duba iyakar Najeriya, sai suka ga atamfa ake nema, suka koma can da jarinsu.