Wa Zai Tsaya wa Baƙo a Kasuwa?

Ɗana, labari ya iso mana Roni cewa 'yan layinku sun sa ka cikin shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa a Kano. Allah ya taya ka riƙo. Na ga gara in aiko maka da magana tun yanzu, kafin "ranka ya daɗe" ta yi yawa kunne ya toshe.

Za ka tarar kowa a kasuwa yana cewa shi ba ya nuna bambanci, kuma yawancinsu iyakar gaskiyarsu ke nan. Bahaushe zai gaisa da Ibo da fara'a, ya yi barkwanci da Bayerabe, a aika wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti. Madalla. Amma kai ka jira ranar da babbar mota ta sauke kaya, maigida ya gyara zama da littafinsa yana raba diloli bashi, a biya bayan sati biyu. Dubi waɗanda ake kira: ɗan ƙanwarsa, surukinsa, yaron da suka fito gari ɗaya, wanda suke haɗa kafaɗa a sahun Azahar. Can gefe ga wani da ya daɗe yana saye kuɗi hannu, bai taɓa kawo gardama ba, bai taɓa dawo da kaya ba. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya nemi dila ɗaya, sai a yi murmushi a ce, "To wa ya san ka? Wa zai tsaya maka?" Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Amma nan da 'yan shekaru ɗan ƙanwar yana da shago biyu, shi kuwa yana nan da teburinsa a bakin hanya, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Daga nan sai ka ji ana cewa ai irinsu ba su iya kasuwanci ba.

Wannan tambayar ta "wa zai tsaya maka" kakanninmu sun daɗe da amsa ta, kuma da amsar Kano ta zama Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da aka kafa kasuwar Kurmi, baƙi ne ke cika ta. Zaga cikin birni ka gani: Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa. Baƙo ya iso da ayarinsa bai san kowa ba, sai ya sauka gidan fatoma. Fatoma zai ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya aiki dillali ya nemo mai saye. In mai sayen ya ce sai bayan kwanaki zai biya, fatoma ne ke lamuni. In ya ci amana, wuyan fatoma baƙo zai kama. Kada ka ɗauka sadaka yake yi. La'adarsa yake ci, kuma ya san in ya bari aka cuci baƙo ɗaya, baɗi ayarin gaba ɗaya gidan wani zai sauka.

Su kansu Agalawa da ake bugun ƙirji da su a fatauci, kakanninsu daga arewa suka gangaro, daga cikin Buzaye. Cikinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro har Kumasi da Akara, inda shi ma baƙo ne a hannun wasu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, kuma kuɗin saye suna ba wanda suka yarda da shi ne. Kukan iyayenmu a lokacin shi ne Bature ya fi sakin jiki da Kwara a kan baƙar fata. Garin ma an yanka shi gida-gida: Turawa a Nasarawa, Kwarori a wajen Fagge, mutanen kudu a Sabon Gari, 'yan ƙasa a cikin ganuwa. Ɗantata ya samu shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Neja a 1918, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya har rasuwarsa a 1955. Sau da yawa nakan yi tunanin mutum nawa ne masu irin kansa suka mutu suna dako, don ba a taɓa miƙa musu jarin gwaji ba.

Kai ma da kake zaune a kujerar, baƙo ne. Ranar 27 ga Agusta 1991 muka wayi gari muna Kanawa, kafin mu kwanta mun zama 'yan Jigawa, mu da Kazaure da Gwiwa da Babura. Ba mu gusa ko taku ɗaya ba, amma tun daga nan duk takardar da ta tambayi ƙaramar hukumar mutum tana tuna mana cewa a Kano mu 'yan wata jiha ne. Ba a cika wata biyu ba, cikin Oktoba, rikici ya ɓarke a Kano kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. An yi asarar rayuka, an ƙone shaguna. Abin da ba a lissafa a asarar ba shi ne littattafan bashi. Direbobinmu na hanyar Kazaure da Daura, waɗanda kan karɓi kayan gyaran mota a Sabon Gari su biya in sun yi lodi, da suka koma bayan ƙura ta lafa sai suka tarar magana ta zama kuɗi hannu. Shagon da ya ƙone an sake gina shi cikin watanni. Yardar kuwa ta daɗe ba ta dawo ba, kuma talakawan ɓangarorin biyu ne suka ji a jikinsu.

Sannan ka tuna da ƙannenka da ke tafiya ci-rani kudu da zarar an gama girbi. A Sabo ta Ibadan da Mile 12 ta Legas su ne baƙi. A Fabrairun 2021 faɗan mutum biyu ya cinye kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan tumatir da albasa na arewa suka tsira da rigar jikinsu. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar Gana, har da Hausawan da aka haifa a zango can. Mu ma a 1983 muka yi wa mutanen Gana irinta. Duk abin da za ka yi wa Ibo a layinku, ka ɗauka ana yi wa ɗan Roni shi a wani layin.

To me za ka yi da kujerar? Ni dai a ganina ƙungiya ta zama fatoma. A buɗe littafi, duk wanda ke sari kuɗi hannu a riƙa rubuta sunansa da abin da ya saya, ko daga ina ya fito. In ya cika lokacin da kuka yanka ba a same shi da laifi ba, ƙungiya ta tsaya masa a kan rabin dila. Ya biya, a ƙara. Wasu za su gudu da kaya, wannan ba makawa. Amma 'ya'yanmu ma suna gudu da kaya. In namu ya yi sai a ce wane ya lalace, in baƙo ya yi sai a ce ai haka suke. A nan nake so ka riƙa tsayawa da ƙafarka, ka ce a kira sunan mai laifi a bar ƙabilarsa ta huta. In wani ya jawo maka addini, tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa.

Sauran abubuwan ƙanana ne a ido. In an kawo ƙara ofis, kuma ɗaya ba ya jin Hausa sosai, a nemo tafinta, a zaunar da wani dattijo daga mutanensa. Na sha ganin mai gaskiya ya faɗi shari'ar kasuwa don kawai abokin rigimarsa ya fi shi iya zuba zance, 'yan kallo na dariyar yadda yake karya harshe. Tara ta zama ɗaya ga kowa. Wanda ke biyan kuɗin ƙungiya, ya yi zaɓe, a kuma iya zaɓensa. Ranar da rumfa ta faɗi babu mai ita, a kafa sanarwa kowa ya gani, kada a gama rabo a zauren wani da daddare. In kuma gobara ta auku, Allah ya kiyaye, irin wadda ta ci kasuwar Sabon Gari a Maris 2016, ka lura da yadda ake rubuta sunayen waɗanda suka yi asara. Mai shago sunansa na cikin takarda tun asali. Ɗan haya da ɗan tebur da matar da ke kasa kaya a gefe, waɗanda galibi baƙin ne, su ake mantawa.

Za a kawo maka zancen 'yan Sin, a ce to su ma a buɗe musu ƙofa? Kukan 'yan Kantin Kwari yana da tushe. Mutumin da masaƙa ke hannunsa, ya shigo da atamfa, ya sayar maka sari, sannan ya zagaya ya buɗe shago kusa da naka yana sayar da ɗai-ɗai ƙasa da kuɗin da ka saya, ya kashe ka, alhali masaƙunmu na Sharaɗa da Challawa sun daɗe da yin shiru. A 2012 har jami'an shige da fice suka kama wasu daga cikinsu a kasuwar. Amma laifin na irin cinikin ne. In za ku kafa doka, ku ce mai shigo da kaya ba ya sayar da ɗai-ɗai, ta hau kan ɗan Sin, ta hau kan Kwara, ta hau kan Alhajin da ke kawo kwantena yana yin daidai abin da ake zargin su da shi. A wannan gaɓar za ka ga fuskokin wasu sun canja.

Mu ma nan gida ba mu tsira ba. Je ka kasuwar dabbobi a Babura ka tsaya kusa da Buzun da ya koro raƙuma ko Bafillacen da ya fito da sa daga ruga, ka ga yadda wasu dillalai ke ƙifta ido a kansa, kuɗin da aka gaya masa daban, wanda aka karɓa daban. Shi ma ba wawa ba ne, yana lissafi, kuma mako mai zuwa Maigatari zai nufa.

Zancen littafin nan kada ka fara kai shi gaban taro. Masu hayaniya za su kashe shi tun bai tashi ba. Nemi maigidan da ya fi kowa sito a layinku, wanda in ya ɗaga farashi kowa ke ɗagawa. Kada ka same shi a shago gaban yaransa. Je ka gidansa bayan Isha, ka tafi da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ka kuma riƙe sunayen mutum biyu ko uku daga cikin baƙin da shi da kansa ya san ba su taɓa cin masa ko kwabo ba.